Daga Nima zuwa Takoradi: bin sawun jiragen da suka faɗi zamanin yaƙin Hitila

Wanda ya tashi daga unguwar Nima ya nufi filin jirgin sama na Akra, cikin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu yake ratsawa ko bai sani ba. Asibitin sojoji na 37 a 1941 aka kafa shi. Filin wasa na El Wak kuwa sunan wani gari ya ci, can kan iyakar Kenya da Somaliya, inda sojojin Gwalkwas, wato Gana ta yau, suka kara da Italiyawa a Disambar 1940. Shi kansa filin jirgin babban zango ne na Amurkawa a lokacin. Jiragensu kan taso daga Natal ta Barazil, su sha mai a tsibirin Asenshon da ke tsakiyar teku, sannan su sauka nan.

Na fara da maƙabartar yaƙi ta Christiansborg, wajen Osu, mai kaburbura sama da 400. Kowane dutse ɗauke yake da tambarin runduna, da lambar mutum, da muƙaminsa, da ranar mutuwarsa. Ranar ita ce abin dubawa. In ka ga duwatsun sojojin sama biyu ko uku jere da kwanan wata ɗaya, galibi jirgi ɗaya ne ya faɗi da su. Akwai kuma waɗanda ko kabari ba su samu ba. Ranar 30 ga Mayu 1945, mako uku bayan an gama yaƙin Turai, wani jirgin C-47 ya tashi daga Akra zuwa Laberiya da sojojin Amurka mata 18 da ma'aikatan jirgi 3. Ya faɗa teku daura da gaɓar Kodebuwa, ba a sami gawa ko ɗaya ba. Sunayensu na jikin bangon maƙabartar Amurkawa da ke Tunisiya. Ƙarshen Mayu dai tsakiyar damina ne a wannan gaɓa.

Washegari bayan asuba na shiga mota a tashar Kaneshie. Takoradi kilomita 220 ce ko kusa da haka, amma cunkoson garin Kasuwa (Kasoa) shi ke yanke wa mutum lokacin isa, don haka sammako ya fi. Hunturu ake ciki. Daga mahaɗar Winneba har Mankessim hazo ya rufe, rana ta zama fara fat, ka kalle ta ido da ido ba ta kashe maka gani. Wani dattijo da ke kusa da ni, mai zuwa Sekondi wurin 'yarsa, ya tambaye ni abin da zai kai ni. Da na faɗa masa sai ya ce, "To ɗana, ai Jamusawa ne suka riƙa harbo su ko?"

Na ce, "A'a Baba, a wannan hanya ba bindiga ce ta fi cin su ba. Dubi waje." Ya leƙa ta taga, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

Asalin hanyar shi ne, a Yunin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa ga jiragen ruwan Ingila. Zagaye ta ƙasan Afirka kuwa wata da watanni ne. Sai aka yanke a riƙa sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi, wadda tashar ruwanta mai zurfi ke aiki tun 1928, a harhaɗa su, a tuƙa su zuwa Masar. A Agusta gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, sararin Chadi ya buɗe. Akwatunan farko sun iso a Satumba, kuma kafin watan ya ƙare ayarin farko ya kai Masar. Zuwa ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan: Takoradi, Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, El Jenena, El Fashir, Khartum, sannan a bi Kogin Nilu. Mil 3,700 ne, kwana shida in ba a sami tangarɗa ba.

Cape Coast da Elmina muka wuce su a guje, muka haye gadar Pra a Beposo, sai ga Takoradi wajen azahar. Daga tashar ruwa zuwa filin jirgi tafiyar mintoci ce, abin da ya sa wurin ya dace ke nan. Filin yanzu sansanin sojojin saman Gana ne. Ana iya ganinsa daga titi, amma kada mutum ya ɗaga waya da sunan hoto.

A nan ne hatsari da yawa ke samun asali, tun jirgi bai tashi ba. Jirgin Hurricane, ƙaramin jirgin yaƙin Ingila mai inji ɗaya, yakan iso gangar jiki daban, fikafikai daban, wutsiya da farfela daban. Makanikai, Turawa da 'yan ƙasa, su ɗaura fiffike, su haɗa bututun mai da na birki, su ja wayoyin ƙarfe da ke juya jirgin. Kowane noti mai muhimmanci sai an kulle shi da fil ko da siririyar waya, don girgizar inji kan kwance wanda aka bari haka nan a hankali, ba a ranar farko ba, wataƙila sai an wuce Kano. Wayoyin juyawa kuwa in aka sarƙe su baibai, matuƙi ya karkata sanda dama jirgi ya kwanta hagu, kuma a daidai tashi ne zai gane, lokacin da babu tazarar gyara. Shi ya sa ƙa'ida ita ce mutum na biyu, wanda bai sa hannu a aikin ba, ya sake dubawa. Bayan haka a jujjuya jirgin a ƙasa, arewa, gabas, kudu, yamma, a daidaita kamfas, domin ƙarfen inji da bindigogi na jan allurarsa. Sai tashin gwaji. Duk wannan a cikin gumi da gishirin teku mai cin ƙarfe, ga kuma Alkahira na aiko da waya a yi sauri.

Injin Hurricane, Merlin mai silinda 12, don sanyin Ingila aka ƙera shi. Ruwa ne ke sanyaya shi, lagireton na ƙarƙashin ciki, kuma sai jirgi na gudu iska ke ratsa shi sosai. In aka tsaya jiran layi a kan titi da rana tsaka, ruwan ya tafasa kafin a tashi. Ƙura ta fi wannan illa. Yashi ya bi ta kafireta ya gauraya da baƙin mai, ya riƙa goge ringi da bangon silinda, inji ya soma shan mai, ƙarfinsa ya ragu. Maganin da aka samo shi ne matatar iska ta Vokes, wani ƙaton haɓa da ake liƙawa ƙarƙashin hancin jirgi. Tana tare ƙura, tana kuma rage gudu. Fulogi 24 ne a injin, biyu a kowace silinda, kuma tafiyar sa'o'i da ƙaramar wuta don tattalin mai kan sa dalmar da ke cikin fetur ta daskare a bakinsu. Matuƙin da ya san aiki yakan buɗe wuta lokaci lokaci ya ƙone ta.

Shi ma man abin tsoro ne. A gangogi da garewani yake zuwa, ya kwana cikin raɓa ya wuni cikin rana, ruwa ya taru a gindinsa. Ana tace shi ta cikin wata fata mai laushi wadda ke barin fetur ya wuce ta riƙe ruwa, kuma kowace safiya a tsiyaye kaɗan daga ƙasan tanki a duba. Tankunan Hurricane uku ne, biyu a fikafikai masu galan 33 kowanne, ɗaya gaban matuƙi mai galan 28. Don doguwar tafiya akan rataya ƙarin biyu masu galan 44. Wanda gajiya ta sa ya manta juya makunnin mai daga tanki zuwa tanki, injinsa zai mutu alhali yana ɗauke da mai.

Tafiyar ayari ake yi. Jirgin Blenheim mai inji biyu, wanda ke da masanin hanya da mai rediyo, shi ne madugu, ƙananan jirage kamar shida na biye da shi. Matuƙin Hurricane shi kaɗai ne a ciki, idonsa na kan madugu. A hazo irin wanda muka ratso da safe, sakan kaɗan na duba agogon mai ya isa ya ɗago ya ga babu kowa. Daga nan lissafi ne mai sauƙi kuma marar tausayi: kuskuren digiri 1 a kamfas na kauce da jirgi mil 1 a kowane mil 60. Tsakanin Maiduguri da El Jenena mil 689 ne, don haka kuskuren digiri 5 ya kai mutum mil 57 gefe, a ƙasar da babu titi babu dogo da zai bi. Hazo yana da wata mugunta kuma. In sama da ƙasa suka zama launi ɗaya, jiki kan yi wa matuƙi ƙarya, ya ji kamar daidai yake alhali fiffike ya karkata, hanci ya sunkuya. Ya ja sanda don ya ɗago, juyin ya ƙara matsewa, har ƙasa.

Da damina sai hadari ya karɓi aikin. Kowane Bahaushe ya san daga gabas yake tasowa, su kuwa gabas suka nufa, gaba da gaba ke nan. Yakan jeru ɗaruruwan mil, tsayinsa ya fi ƙarfin ƙaramin jirgi, zagaye shi kuma mai yake ci. Abin da ya sa ake tashi da sassafe ke nan, a sauka kafin la'asar, ga kuma iskar safe mai sanyi ta fi ɗaukar jirgi mai nauyi. Abin da hadari ke iya yi an gan shi a fili a Kano bayan yaƙi, ranar 24 ga Yuni 1956. Jirgin fasinja mai inji huɗu na BOAC, kamfanin jiragen saman Ingila na lokacin, ya tashi zuwa Tarabulus ta Libiya, ya shiga gefen hadari, iskar da ke bugun gabansa ta juya nan take ta koma bayansa tana danna shi ƙasa. Gudunsa ya zube, ya bugi bishiya, mutum 32 cikin 45 suka mutu, kuma injunansa lafiya lau suke.

Jiragen farar hula na lokacin yaƙi ma ba su tsira ba, tun da an ɗora musu aikin da ya fi ƙarfinsu, ga ƙarancin kayan gyara. Ranar 14 ga Satumba 1942 wani jirgin BOAC mai sauka kan ruwa, mai suna Clare, ya tashi daga Bathurst, Banjul ta yau, zuwa Lisbon. Ya aiko da saƙo cewa inji ɗaya ya mutu, daga baya ya ce wuta ta kama. Duka mutum 19 da ke ciki suka halaka. Jamusawa sun taɓa hanyar kai tsaye a Janairun 1942, lokacin da jirginsu guda ya ratso Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy. A ganina sauro ya fi wannan hari ɓarna. Bayan Japan ta kama tsibirin Jaba a 1942, inda ake samo yawancin kwinin, maganin zazzaɓin sauro, sai ya yi wuya, aka koma wata ƙwaya mai mayar da fata rawaya, wadda sojoji da dama ke ƙin sha. Mutum ya tashi Legas da ɗan ciwon kai, kafin Kano, mil 525, zazzaɓi ya rufe shi, ga sauka na jiransa.

Da yamma na je maƙabartar Turawa ta Takoradi, inda aka binne waɗanda suka mutu kusa da tashar farko. Yawancin shekarun da ke jikin duwatsun ashirin da 'yan kai ne. Ba Ingilishi kaɗai suka yi wannan jigila ba, har da matuƙa 'yan Polan da Jamus ta ci ƙasarsu a 1939. Mai son ganin tashar ruwa da filin jirgi da maƙabartar a wuni ɗaya ya ɗauki tasi daga Market Circle, ya yi ciniki na sa'o'i tun kafin ya shiga, kuma ya kwana a garin, don hanyar Akra da dare ba abin sha'awa ba ce.