Saitin da na yi cikin ɗari, bazara ta ƙi shi

Sana'ata haɗa bidiyon biki da na suna, a wani ɗan shago a Bukoki, nan Yamai. Furosesan kwamfutata, wato ƙwaƙwalwarta, Core i5-9600K ne, wanda Intel ta fitar a 2018. Gudunsa na asali gigahaz 3.7, in aiki ya matsa yakan kai 4.6. Harafin K na ƙarshen sunan shi ke nuna ba a kulle shi ba, mai shi na iya ƙara masa gudu. Ni kuwa dangin amare sun ishe ni da waya, sai na ce bari in taɓa.

Cikin Janairu na yi, da daddare, ina sanye da rigar sanyi. Na shiga BIOS, wurin saita kayan cikin kwamfuta kafin Windows ya tashi, na kai gudunsa gigahaz 5.0, na ɗaga wutar da yake sha zuwa volt 1.35. Na kunna manhajar gwaji ta Prime95 a kan Small FFTs, gwajin da ya fi gasa furosesa, ga HWiNFO a gefe ina kallon zafin cibiyoyinsa shida. Awa biyu cur, wadda ta fi zafi ba ta wuce digiri 84 ba. Na kwanta ina jin kaina gwani.

Sai ga Afrilu. Rana tsaka, kwanon rufi na ƙara, bidiyon wata amarya ya kusa fita, allo ya rikiɗe shuɗi, alamar Windows ya faɗi. Na ɗora wa wutar gari laifi, don ita muka saba zargi. Da abin ya sake faruwa washegari, na maimaita gwajin nan na Janairu ba tare da na canza komai ba. Ko minti biyar ba a yi ba lambobin suka koma ja, digiri 100. Nan ne iyakar wannan furosesa, in ya kai sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone.

Lissafin bai da wuya, ni ne ban yi shi ba. Fankar da ke kansa ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hura masa. Daren Janairu shagon na wajen digiri 22, ranar nan kuwa ma'aunin bango na nuna 41. Ɗora bambancin a kan 84 ka gani.

Ƙanena ne ya kwance murfin akwatin. "Yaya, zo ka ga ikon Allah." Ƙurar hunturu ta daskare tsakanin farantan ƙarfen da ke sanyaya furosesan kamar tsohon bargo. Muka hure ta, yana riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, muka goge busasshen man da ke kan furosesan, mai miƙa zafinsa ga ƙarfen, muka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.

Abin da ya fi taimakawa shi ne rage volt, don shi ya fi gudu haifar da zafi: daga 1.35 zuwa 1.25 kaɗai na sauke kusan kashi 14 cikin ɗari na zafin da yake fitarwa. Na koma 4.8, ina ragewa kaɗan-kaɗan ina gwadawa. A 1.22 Windows bai faɗi ba, komai lafiya a ido, amma ɗaya daga cikin layukan Prime95 ya tsaya shiru da kuskuren lissafi. Da ban leƙa ba da na ce ya ci jarrabawa. Na tsaya a 1.25.

Wannan karon tsakanin azahar da la'asar na yi gwajin, kwana uku a jere, zafin ya tsaya a digiri 89. Bidiyon da ke fita cikin minti hamsin ya ƙara kamar minti biyu. Na adana saiti biyu a BIOS, ɗaya na sa masa suna ɗari, ɗaya bazara. Disamba ta zo ta wuce ban ko buɗe na ɗarin ba.