Jan littafin da ke kan teburina

Mutane da yawa in sun shigo ɗan asibitin namu sai kaji sunce Sista wannan jan littafin da bakya rabuwa dashi na bashi ne? Ba na bashi bane, na bashi daban yake yana wajen yaron da ke ɗakin magani. Wannan sunayen mutanen da nake tsoron su faɗi ne a ciki, masu hawan jini da masu ciwon suga da yara masu sikila da masu asma, sai tsofaffi 'yan kaɗan da ciwon ya haɗe musu biyu ko uku a jiki ɗaya.

Ni nas ce, na daɗe ina aikin gwamnati kafin na ajiye na buɗe nawa a nan cikin Gombe ta ɓangaren Pantami. Gado 6 ne damu da ɗakin haihuwa da ɗan wajen gwaji, likita yana zuwa mana da yamma, sai yara biyu mace da namiji da suka gama makarantar kiwon lafiya ta Kaltungo. Yawancin aikin dai zazzaɓin cizon sauro ne da gudawar yara da awon ciki da haihuwa, waɗannan a basu magani su warke su tafi, wani sai shekara ta zagayo zaka sake ganinsa. Amma masu buga mana ƙofa ƙarfe biyun dare fa kusan kullum fuskokin nan ne dai, basu da yawa amma sune ke cika gado, sune ke hana mu barci, sune bashi ke taruwa a kansu, kuma sune muke rubuta wa takarda zuwa asibitin koyarwa na tarayya (FTH) ko asibitin ƙwararru na jiha (Specialist) in abin yafi ƙarfinmu.

Wani Bappa ne sanadin littafin. Hatsi yake sayarwa a Tudun Hatsi, yazo da ciwon kai da jiri na gwada jininsa naga 190/110, na bari ya huta na sake gwadawa kusan haka ne, alhali daga 140/90 ake cewa jini ya hau. Likita ya ɗora shi kan maganin hawan jini amlodipine, ya dawo sau biyu jinin ya sauka muka yi murna, daga nan shiru. Bayan wata 5 aka kawo shi cikin keke napep bayan sallar asuba, baki ya karkace, hannu da ƙafar hagu basa motsi, yana son yi min magana harshen ya ƙi. Na tambayi uwargidansa nace Inna ina maganinsa, tace ai tun da ya ƙare yace yaji sauƙi. Wallahi ranar kasa cin abinci nayi, saboda lambar wayarsa na nan rubuce a katinsa cikin durowata duk watannin nan, kiran minti biyu ne kawai kuma ban yi ba. Kuɗin da iyalinsa suka kashe a hoton kai da kwanciya da gashin ƙashi zai saya masa wannan ƙwayar na shekaru, ga rumfar kasuwa ta tsaya, babban ɗansa ya bar karatu ya koma ya riƙe ta.

Satin nan na sayi littafin. Kowa da shafinsa, suna da unguwa da kwatancen gida, don a Gombe lambar gida bata kai ka ko'ina sai dai ace bayan masallacin kaza kusa da mai injin markaɗe. Sai lambar waya biyu, tasa da ta wanda ke kula dashi, kuma ta biyun tafi amfani, domin tsoho zai ce maka lafiya lau ko da bai iya tashi, surukarsa ce ko 'yarsa zata faɗa maka gaskiya. Sai sunan magani da ranar da zai ƙare da awon ƙarshe. Wanda awonsa ya ƙi sauka ko bai daɗe da fitowa daga babban asibiti ba sai in ja masa layi da jan biro, wannan cikin sati ɗaya sai mun gan shi ido da ido. Duk Litinin da safe yarinyar ke zama ta kira waɗanda maganinsu ya kusa ƙarewa, Alhamis kuma yaron ya hau mashin da na'urar gwada jini da ta suga a jaka ya bi gidajen waɗanda basa iya fitowa, wataran in bishi.

Abinda zaka gani a gida ba zaka taɓa ganinsa a ɗakin duba marasa lafiya ba. Wata Dada a Bolari muka yi ta fama da sugarta, ana ƙara mata maganin suga metformin amma awo na hawa, ƙafa na kumbura. Da naje na zauna kan tabarmarta nace Dada dan Allah ɗauko min duk wani magani da ke ɗakin nan har wanda ba mu muka baki ba. Ta jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin gado ta zazzage, ga diclofenac ga dexamethasone ga haɗin 'yan talla na ciwon jiki ƙwaya biyar biyar a ƙulle, ga gorar jiƙo. Tace 'yata gwiwa ce ke hana ni sallah a tsaye, in na sha wannan sai inji dama. Kuma da gaske take tana jin daman, ba zan ce mata ƙarya take ba, sai dai dexa tana ɗaga suga tana ɗaga jini, diclofenac kuma in aka daɗe ana sha yana cin ƙoda, ita kuwa mai suga dama ƙodarta a kan gaɓa take. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati yasan abinda nake gudar mata. Ban ƙwace ledar ba, munyi ciniki ne, na kawo ta wajen likita aka sauya mata maganin gwiwar sannan ita da kanta ta miƙo min sauran. Ranar kuma na cire mata silifas na duba tsakanin yatsu na samu wani ɗan gyambo da bata ma san dashi ba don ƙafar ta daina ji.

Maganar gishiri ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kada ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi kenan, harda wanda ke cikin magi. Toh amma gidan mutum 20 tukunya ɗaya, in ka faɗa wa mai gida ka ɓata bakinka, mai girki ake samu. Nakan ce mata Adda ki ɗebe na Baba a ɗan kwano kafin ki zuba gishiri da magi, ki ƙara masa daddawa da albasa miyar zata yi daɗi. Masu allurar insulin kuma ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce 40 ga ba wuta, firij ya zama kabad, sai mu koya musu su ƙulle kwalbar a leda su sa a ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Tun cikin Sha'aban nake kiran masu suga ɗaya bayan ɗaya a gyara musu lokacin shan magani kafin azumi, musamman masu shan glibenclamide don ita ke kayar da suga da rana tsaka. Ina faɗa musu in awo ya sauka ƙasa da 70 ko suka ji karkarwa da gumi su karya azumin, kuma ɗan digon jinin gwaji baya karya azumi. Wasu basa yarda daga bakina sai da na roƙi limamin unguwarmu ya riƙa faɗa bayan sallah, Allah ya saka masa. Hunturu kuma na 'yan sikila ne, Disamba da Janairu bana nisa da waya. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, mu namu 'yan kaɗan ne amma na san kowanne da uwarsa, folic acid da paludrine na rigakafin zazzaɓin cizon sauro kada su yanke, ruwa da yawa, rigar sanyi, gidan sauro, in jiki yayi zafi a kawo shi a daren kada a jira gari ya waye.

Sai batun kuɗi, wanda shine ciwon kan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 dala ta tashi, kamfanin magani na GSK ya tattara ya bar ƙasar, Ventolin ɗin masu asma ya zama sai wane da wane, sauran magunguna ma suka bi. Sai mutum ya riƙa raba ƙwaya biyu ko ya sha yau ya tsallake gobe kuma kunya ta hana shi faɗa. Shi yasa duk wanda naga bashi da hali nake tura shi yayi rajistar GoHealth, shirin inshorar lafiya na jihar Gombe, akwai kason marasa galihu da ke zuwa daga asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma an gyara asibitin sha ka tafi ɗaya a kowace gunduma cikin 114 da muke dasu. Nasan in yayi rajista can zai koma karɓar magani ni na rasa ciniki, amma sunansa baya fita daga littafina, Litinin sai an kira shi.

Gaskiya a wannan sana'ar ƙarin ruwa da allura ne ke kawo kuɗi, mutanenmu ma su suke so, katin waya da man mashin na Alhamis kuwa daga aljihuna suke fita babu mai biya. Akwai watan da na kusa dainawa don albashin yara ya gagara. Abinda ya ɗan riƙe mu wani asusu ne kamar adashi, masu hali cikin mutanen littafin suna ajiye ɗan abu duk wata ni kuma in saro maganin jini da na suga da katan ya sauko musu da sauƙi, ragowar a rufa wa biyu ko uku asiri. Baya cikewa kullum amma muna lallaɓawa.

Bappa yana nan a shafin farko. Yanzu yana dogara sanda ya fita ƙofar gida, maganarsa ta dawo rabi, Alhamis da ta wuce awonsa 138/86, uwargidan ce ke riƙe da maganin tana bashi bayan sallar asuba. Yau Litinin mutum 7 aka kira an samu 6, ɗayar wata mai ciki ce a Arawa da jininta ya hau satin da ya wuce, wayarta a kashe ta mijin ma bata shiga, in nayi la'asar ni zan je da kaina.