Ziyarar Gonakin Gwajin Masara a Illinois

A watan Yuli na hau jirgin ƙasa daga Shikago zuwa Champaign a jihar Illinois ta Amurka, tafiyar sama da sa'o'i biyu a tsakiyar gonakin masara da waken soya. Tun daga taga na lura da yadda ganyen masarar ya miƙe sama maimakon ya baje, shukar kuma a matse da juna. Wannan siffa aikin masu haɗa iri ce, domin miƙaƙƙen ganye yana barin haske ya isa ganyayen ƙasa, kuma yawancin ƙaruwar amfanin masara a Amurka ya samo asali ne daga irin da ke jure cunkoso.

A harabar Jami'ar Illinois na tsaya a filin gwaji na Morrow, wanda ake nomawa tun 1876. Ɗakin karatun da ke gefensa a ƙarƙashin ƙasa aka gina shi, ana kuma cewa don kada inuwarsa ta tare wa masarar rana ne.

Kashegari da hantsi na bi ɗalibai gona, inda suke maƙala wa ganye na'urar auna iskar kabon da yake zuƙa, su jira mintuna kafin su koma na gaba. Aiki ne mai cin rai, amma a ganina nan ne zuciyar al'amarin take, tunda gyaran tsayuwar ganye ya kusa kai maƙura, saura abin da ke gudana a cikin ganyen kansa. Masara tana tara kabon a ƙwayoyin halittar da ke kewaye da jijiyoyin ganye kafin sinadarin Rubisco, wanda ke kama kabon don shuka ta haɗa abincinta, ya sarrafa shi, abin da ya sa ta fi shinkafa da alkama cin moriyar rana mai zafi, ya kuma sa ƙara mata ƙwazo ke da wuya. A 2018 masu bincike a Cibiyar Boyce Thompson ta jihar New York sun ƙara yawan Rubisco a ganyenta da fiye da kashi 30 cikin ɗari, zuƙar kabon ta ƙaru da kusan kashi 15.

Damuwata ita ce ko wannan ƙari zai kai ga zangarniya a gonar da ruwa da taki suka yi ƙaranci, tambayar da gwajin damina bayan damina kaɗai zai amsa.