Yaron da ya shekara 22 a bangon mai zane

Ina shekara ta uku da fara zana hotuna a littattafan karatu na 'yan aji ɗaya da aji biyu, wata malama ta dawo min da aikina. Ta gwada shafukan a ajinta, yaran sun karanta kalmomin, amma hotunan ba su ja hankalinsu ba. Wata yarinya ma ta tambaye ta, "Malama, su waɗannan 'yan wane gari ne?" Da na sake duba zanen sai na ga gaskiyarta. Fatar yaran kawai na baƙanta. Tufafinsu da gidajensu, har yanayin zamansu, duk daga littattafan waje na kwaso.

Cikin wannan damuwa na fara bin tarihin Ezra Jack Keats, mai zanen nan na Amurka. An haife shi a 1916 a Brooklyn ta birnin New York, iyayensa Yahudawa ne matalauta da suka yi ƙaura daga Poland. Mahaifinsa yana aiki a gidan abinci, kuma kullum tsoronsa kada zane ya bar ɗansa da yunwa. Duk da haka yakan shigo masa da fenti, ya ce wai wani mai zane ne da yunwa ta ci ƙarfinsa ya ba shi a madadin kwanon miya. A watan Janairun 1935 uban ya rasu, ana gab da ba yaron lambar yabo ta zane a makarantar sakandare. Da ya buɗe walat ɗin mahaifin, sai ya tarar da guntayen jaridu da ke ɗauke da labarin kyaututtukan da ya taɓa ci, an adana su har sun tsufa. Duk sanda na zo nan sai na ajiye karatun na ɗan yi shiru.

Daga nan ya shiga neman abinci: zanen bango, zanen littattafan barkwanci, zanen ɓad-da-kama na sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 ya sauya sunansa daga Katz saboda ƙyamar da ake nuna wa Yahudawa.

Abin da ya fi taɓa aikina shi ne wasu hotuna da ya yanka daga mujallar Life a 1940, na wani ƙaramin yaro baƙar fata a jihar Georgia da za a ɗebi jininsa don gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ya liƙa su a bango, ya ci gaba da zana littattafan wasu marubuta, waɗanda kusan duk yaran cikinsu farare ne. Sai a 1962 yaron ya zama Peter, a littafin The Snowy Day, wanda ya ci lambar Caldecott, wadda ake ba littafin hotuna na yara da ya fi fice a Amurka, a 1963. Kuma me Peter ya yi a littafin? Ya fita wasa cikin dusar ƙanƙara, ya duba sawunsa, ya ja kara a ƙasa, ya dunƙule ƙanƙarar ya sa a aljihu don gobe, da dare ya tarar ta narke. Shi ke nan. Ba a mai da shi abin tausayi ba, ba a kuma ɗora masa wa'azi ba. Yaro ne a unguwarsu. An soki Keats kan yadda ya zana mahaifiyar yaron, kuma a ganina mai zana mutanen da ba nasa ba dole ya saurari irin wannan suka. To ni da nake zana 'ya'yan maƙwabtana, wane uzuri gare ni?

Kayan aikinsa ma sun cire min wani uzurin. Takardu masu ado da ƙyallaye ya yanka ya liƙa. Da robar goge fensir ya yi hatimin buga dusar ƙanƙara, da buroshin goge haƙori ya fesa tawada. Ni kuwa na daɗe ina jiran fenti mai tsada.

Sai na rufe littattafan wajen, na ɗauki fensir na koma bakin famfo da ƙofar makarantar allo, ina neman izinin iyaye kafin in zana. A nan na ga yadda yarinya ke karkata ƙugu in ta goyo ƙaninta, da yadda hunturu ke busar da ƙafa ta yi fari, da silifa da aka ɗaure da waya. Telan layinmu ya riƙa tara min guntayen atamfa da shadda. Na ce masa, "Baba, don Allah ko kamar tafin hannu ne kada a zubar." Da su na yi zannuwan iyaye mata a sababbin shafukan.

Malamar ta sake kai su aji. Wannan karon ba a tambayi garin kowa ba. Gardama ce ta kaure a kan shafin da yaro ke kaɗa gare, domin maza biyu sun dage cewa ba haka ake riƙe karan ba, na ɗaga hannun yaron da yawa, garen zai faɗi. Washegari na je na tsaya suka gwada min a filin makaranta, na dawo gida na sake zana hannun.