Fitowa ta Farko a Fim Ɗin Fargaba: Shawara ga Ɗaliban Maraɗi

Ƙannena ɗalibai, na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da na sauran makarantun garin nan, waɗanda ke haɗa kuɗi da salula domin ɗaukar fim ɗinsu na farko, na lura da yawanku labarin fargaba kuke zaɓa, irin wanda ke sa zuciyar mai kallo dukan uku-uku. Zan yi muku magana a kan fitowa ta farko kaɗai, domin a wurin ne ni da abokan karatuna muka yi ɓarin da bai kwasu ba.

Fim ɗinmu da gudu ya buɗe. Saurayi yana tsere da dare, mutum biyu suna binsa bisa moto, ga ihu ga jini. A zatonmu hayaniya ita ce fargaba. Da muka nuna shi a fadarmu, babu wanda ya ko gyara zama, kuma tambayar da aka yi ta yi mini ita ce wane ne yaron, kuma me ya yi ake korarsa. Mutum ba ya jin tsoro domin wanda bai sani ba, mu kuwa mun nemi a tausaya wa yaron tun kafin a ga fuskarsa da kyau.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, fargaba daga sani take fitowa. Idan mutum ya sa ƙafa a takalmi kunama ta harbe shi, mai kallo zai zabura sau ɗaya, shi ke nan. Amma idan an fara nuna kunamar tana shiga takalmin, sannan mai shi ya idar da salla ya tsaya gaisawa da maƙwabci, yana matsowa yana komawa, to gaisuwar nan da ba ta da wani armashi sai ta zama abin da ba a iya kawar da ido a kai. Aikin fitowa ta farko ke nan: ta ba mai kallo wani sani da jarumin bai da shi, ta kuma bar masa tambaya guda ɗaya da zai riƙe har ƙarshe. Ku rubuta tambayar nan a jimla ɗaya kafin ku rubuta komai. In ta ƙi shiga jimla ɗaya, labarin bai nuna ba tukuna.

Ga misali. Ɗan kabu-kabu ya sauke fasinja a bakin babbar kasuwa, suna ɗan jayayya a kan canji, har mun ji yana faɗin cewa kuɗin maganin mahaifiyarsa yake tarawa. Fasinja ya wuce, ya bar salula maƙale a bayan moton. Daga tsallaken titi wani mutum yana rubuta lambar moton a tafin hannunsa, mu mun gan shi, direban bai gan shi ba. Sai salular ta fara ƙara. Babu bindiga, babu gudu, amma duk wanda ke kallo ya riga ya fara roƙon kada ya ɗauka. A tsarin rubutun sinariyo, wato rubutaccen labarin fim, shafi ɗaya yana kai kusan minti ɗaya a allo, saboda haka a fim na minti goma ko goma sha biyar, shafi ɗaya da rabi ya ishi wannan fitowa. Kuma ina ba ku shawara ku jinkirta rubuta ta har sai kun san yadda labarin zai ƙare, domin abin da za a girba a ƙarshe a nan ake shuka shi.

Garin kansa yana taimakawa. Bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka taso da Maraɗi daga bakin gulbi zuwa kan tudu, an yanka tituna miƙaƙƙu masu faɗi, kuma irin wannan titi yana ba ku damar nuna jarumi a gaba da mai binsa can baya cikin hoto ɗaya, ba tare da an yanka ba. Sai dai ku tsayar da kamara a gefe ɗaya na hanya. Mu mun ɗauki wani sashe daga gabas, wani daga yamma, da aka zo montaj, wato harhaɗa sassan da aka ɗauka, sai yaron ya zama kamar yana gudu ne ya taryi masu korarsa.

Dare kuma ya cuce mu. Kamarar salula ba ta iya duhu ba, hoton yakan cika da ɗigo-ɗigo, kuma mafi yawan masu kallonku a ƙaramin allo za su kalla, bayan WhatsApp ya matse fim ɗin ya ƙara dushe shi. In dole sai dare, ku nemi wurin da ke da haskensa, kamar teburin mai shayi ko tukubar mai tsire. Hasken da ke biyo bayan faɗuwar rana yana da kyau ƙwarai, amma a ƙasarmu ba ya daɗewa, ga shi lokacin magariba ne, don haka sai an gama gwaji tun bayan la'asar. Hazon Disamba da Janairu yana tausasa haske da rana, zafin Afrilu da Mayu kuwa, da ke haura digiri 40, yana iya sa salula ta kashe kanta ana tsakar aiki.

Sauti ya fi hoto muhimmanci a wannan fitowa, kuma shi ɗalibai suka fi wulaƙantawa. Ku je wurin kwana ɗaya kafin ɗauka, a daidai sa'ar da za ku yi aiki, ku zauna ku rufe ido ku saurara: injin niƙa, gurup ɗin wutar mai shago, lasifikar mai talla, lokacin kiran salla. Ku ajiye salula ta biyu kusa da bakin mai magana, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara domin a samu inda za a haɗa murya da hoto, sannan ku naɗi minti guda na sautin wurin ba tare da kowa ya yi magana ba, domin da shi ake cike giɓi a montaj.

Akwai kuma maganar izini, wadda ba ta wasa ba ce. Jiharmu ta san fargaba ta gaske. Mutanen yankunan Madarunfa da Gidan Rumji sun sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. A irin wannan hali, wanda ya ga samari bisa moto da rawani rufe da fuska da abin da ya yi kama da bindiga ba zai tsaya tambayar ko wasa ake yi ba. Ranar da muka ɗauki gudun nan ba mu gaya wa kowa ba, mata suka janye yara cikin gida, maza suka fito da sanduna, Allah ne kawai ya kiyaye. Ku fara zuwa wurin mai unguwa, ku sanar da 'yan sanda a rubuce, ku bi gidajen layin ku gaishe su ku faɗi rana da sa'a, kuma ku sa mutum ɗaya a kowane bakin layi wanda aikinsa kawai shi ne yi wa masu wucewa bayani.