Gyaran tsohuwar tagar ƙarfe kafin hunturu ya kankama

A ƙauyukan Kano da Jigawa, ɗakin bulo mai tagar ƙarfe shi ya fi wahalar da masu kwana cikinsa a Disamba da Janairu. Da asuba in ka ɗora hannu a kan firam sai ka ji shi kamar ƙanƙara, wani lokaci ma yana gumi, ruwa ya taru a gindin gilashi yana gangarowa bango. Ƙarfe yana ɗauke zafi fiye da katako sau ɗaruruwa, don haka ɗumin ɗaki ta nan yake sulalewa.

Shi kuwa ruwan, daga cikin ɗakin yake, domin iskar hunturu busasshiya ce. Mutum biyar in suka kwana ɗaki ɗaya, numfashinsu da guminsu kaɗai sun haura lita ɗaya kafin gari ya waye. Ƙara da tukunyar ruwan zafi, da kayan jarirai da aka shanya a igiya, da risho, wanda kowace litar kananzir da ya ƙona tana sakin kusan litar ruwa a iska. Wannan laimar in ta taɓa ƙarfe mai sanyi sai ta koma ruwa, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke gumi. Ruwan ne ke haifar da tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa gilashi, ta ɓamɓare simintin gefe, sai iska ta sami hanya.

Saboda haka da tsatsa ake farawa, kuma lokacin aikin shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙura ta taso ta manne wa ɗanyen fenti. A kankare da burushin waya, a bi da sanfefa har sai ƙarfe ya nuna, a goge da busasshen tsumma. A shafa jan fentin hana tsatsa hannu biyu, kowane hannu ya kwana, sannan fentin mai. Masu shafa fenti a kan tsatsa asarar kuɗi suke yi, damina ɗaya zai ɓare. In ƙasan firam ya cinye har kan sukudireba yana shiga, wannan aikin mai walda ne, ya yanke ya sa sabo. Ka ce masa ya huda rami biyu na milimita 5 ko 6 a ƙarfen ƙasa, masu zubarwa waje, don ruwa ya daina kwanciya.

Sai neman kafofi. Ka rufe tagar da dare, ka zagaya gefenta da turaren tsinke, inda hayaƙi ya karkata nan ne ɓaraka. Tsakanin firam da bango a cike da kwaɓin siminti 1 yashi 3, amma a jiƙa wurin tukuna, a kuma riƙa yayyafa masa ruwa kwana uku, in ba haka ba iskar rani za ta tsattsaga shi. Tsakanin gilashi da ƙarfe silikon, wato gam mai kama da roba na toshe kafa, ya isa.

Inda murfi ke haɗuwa da firam, tsohon tif ɗin babur ya fi komai araha. A yanka shi faɗin yatsa, a wanke ya bushe, a shafa gam a jikinsa da jikin ƙarfen, a jira kamar minti 10 har gam ya daina kama yatsa, sannan a danna. Kada a ninka shi biyu. In ya yi kauri sai an tilasta sakata, a hankali murfin ya karkace, kafar ta fi ta da. Gwajinsa takarda ce: ka rufe taga a kanta ka ja, in ta zare salin alin, wurin bai kama ba.

Tagar da murfinta falange ne zalla, wato ƙarfe ba gilashi, a liƙa mata soso mai kaurin santimita 2 ta ciki, a rufe da filawud, domin soso tsirara wuta yake nema. Mai gilashi kuma a haɗa mata firam na siririn katako, a ɗame leda mai kauri a kai, a kafa ta ciki da tazarar yatsa biyu daga gilashin. Iskar da ke tsakani ita ke riƙe ɗumi, muddin gefen ya rufu sosai. Labule mai nauyi, ko tsohon bargo, yana ƙarawa.

Ga inda nake so a saurara da kyau. Ɗakin da aka toshe ya fi tara laima, kuma ya fi haɗari. Don Allah kada a kwana da kaskon garwashi a ciki. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barcinsa, yara da tsofaffi ne kuma kan fara faɗuwa. A fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar ƙaramar kafar iska ta saman bango a buɗe. Da hantsi a goge firam da tsumma, a yaye labule, a buɗe tagogi kamar minti 15 laimar dare ta fita.