Inda Turaren Faransa da Na Larabawa Suke Haɗuwa a Kwalba Ɗaya

Bature yana gina turare ne hawa uku a cikin etanol, wato sinadarin barasa da ake narkar da turare a ciki. Lemo da bagamot (shi ma wani nau'in lemo ne) su ne ke fara tashi, su ɓace cikin minti 15 zuwa 30, furanni su biyo baya, a ƙarshe itatuwa da almiski su zauna a fata. Balarabe kuwa mai yake so, madara zalla da ake shafawa da tsinken gilashi: ud, sandal, wardin Ɗa'ifa, za'afaran, ambar. Ba ya tashi sama sosai, amma yana manne wa jiki har dare.

Haɗa su ba sabon abu ba ne. A 1983 aka kafa kamfanin turare na Amouage a Oman, kuma Bafaranshe Guy Robert ne ya tsara turarensu na farko, Gold. A 2002 turaren M7 na kamfanin Yves Saint Laurent ya shigar da ud cikin manyan shagunan Turai, bayan shekara ɗaya kamfanin Montale ya buɗe a Paris. Duk da haka, a ganina, yawancin kwalaben da aka rubuta ud a jikinsu ba su da na gaske. Ud ƙaro ne mai duhu, kuma itacen Aquilaria ba ya fitar da shi sai ya ji rauni, naman gwari ya shige shi, shi ya sa yake da wuyar samu, kamfanoni da yawa kuma na haɗin sinadarai suke zubawa. Wannan ba laifi ba ne, sai dai mai saye ya sani.

Mai son gwada haɗin da kansa ya fara da kwalbar mil 30. Madarar turare mil 6, etanol mai ƙarfin kashi 96 mil 24, wato kashi 20 cikin ɗari. A cikin mil 6 ɗin, bagamot mil 2, wardi da yasmin mil 2, sandal da ambar mil ɗaya da rabi, ud da za'afaran su raba sauran rabin mil ɗin. Kaɗan ne, haka ne. Ud ba ya raba wuri da kowa. A ƙara masa ɗigo biyar, sai ya haɗiye lemon gaba ɗaya, ya bar wani wari kamar na fatar da aka jeme.

Inda aka fi yin asara shi ne nan: madara da yawa an riga an sirka ta da man jojoba ko farafin. Irin wannan mai ba ya narkewa a etanol. Za ka ga kwalbar ta yi gajimare kamar an zuba madarar shanu, washegari mai ya ware daban. Kafin a zuba duka, a gwada ɗigo biyu a cikin cokalin etanol. In ya fito garau, a ci gaba. Bagamot kuma a nemi wanda aka cire masa sinadarin da ke ƙona fata in rana ta taɓa shi.

Bayan haɗawa a rufe, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi sati huɗu zuwa shida. Ranar farko etanol ne kawai zai bugi hanci, kada a yanke hukunci a kai. Daga nan a saka a firji kwana ɗaya, a tace da takardar tace kofi.

Wanda ba ya son wannan wahala, ya shafa ɗigon man ud a wuyan hannu, ya jira minti biyar ya sha jiki, sannan ya fesa na lemo a kai sau biyu. Kada a goga hannu da hannu.